Layi Uku Na Iya Barira

Shekara goma sha tara, in ka cire Lahadi da ranakun Sallah, ƙarfe bakwai da rabi na safe keke napep yake sauke Iya Barira a bakin wata tasha a cikin garin Lafiya. Ta sallami mai keke, ta ratsa tsakanin masu sayar da doya, ta nufi barandar wani shagon taya inda teburinta yake kwana a kife. Ta juya shi, ta share da tsumma, ta ɗora rula guda, biro shuɗi, biro ja, da gidan tabarau. Sai ta zauna ta yi bismilla. Ba ta kiran kowa, ba ta da allon talla. Wanda ya san ta ya san inda take.

A da mai buga tafireta ce a wani ofishin gwamnati. Da aka yi mata ritaya, kuɗin fansho ya zama sai an ga dama, ta kafa wannan tebur tana cike wa mutane fom, tana rubuta musu lissafin sana'a. Teloli, masu walda, 'yan acaɓa, mata masu soya ƙosai, duk sun zauna a bencinta. A watan jiya ta kife teburin na ƙarshe, domin yanar ido ta rufe mata na dama, na hagun ma ba ya rarrabe uku da takwas. Ba a yi mata walima ba, ba wanda ya riƙe makirfo ya ce ta yi ƙoƙari. Shi ya sa na ɗauki biro.

Na san akwai mai karatun da zai taɓe baki idan ya ji ragowar. Ya taɓe, bakinsa ne. Ranar Talata, daga azahar zuwa la'asar, bencin Iya Barira na matan wani gida ne da ke bayan tashar, mata masu zaman kansu. Gari ya san gidan sarai. Wasu masu taɓe bakin sun fi ni sanin ƙofarsa.

Abin ya samo asali ne daga wasu samari masu rigar aiki da ba wanda ya san ofishin da ya turo su. Duk wata sai su shiga gidan su ce haraji. Su kalli wayar mace, su kalli gashin kanta, su yanka mata kuɗi da ka. Ba rasit, ba musu. Wadda ta yi gardama a fitar mata da katifa tsakar gida. Rahmat, wadda ta fi daɗewa a gidan, ita ta fara zuwa wurin tebur da kuka, ta ce an karɓe mata sau biyu a wata guda. Iya Barira ta saurare ta har ƙarshe, ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta kuma ba ta haƙuri ba. Ta ce mata ta je ta sayo littafi mai shafi tamanin.

Ta ɗora rula ta raba shafin gida uku. A kan layin farko ta rubuta: abin da ya shigo. A na biyu: abin da sana'a ta ci. A na uku, da jan biro: abin da ya rage.

"Haraji a kan na ukun nan yake," in ji ta, "ba a kan gashin kanki ba. Kuma ofis za ki kai da ƙafarki, a ba ki rasit. Duk wanda ya zo ba rasit, ki ce ya zo ya same ni."

Sun zo sun same ta kuwa, sau ɗaya. Mai shagon taya ya shaida cewa tambaya uku kawai ta yi musu, sunan ofis, sunan shugaba, da lambar rasit, suka fara sosa ƙeya. Muddin tana kan teburin, ba su sake komawa gidan ba.

Maƙwabta ba su bar ta ta huta ba. An daina ba ta ajiyar adashi a unguwa, an yi ta yi da ita a gidan suna da gidan biki. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba. Ba ta taɓa cewa sana'ar matan ta yi mata daidai ba. Abin da take cewa kawai shi ne ita ba alƙali ba ce, mai rula ce da biro, kuma ba ta ga inda aka halatta wa kowa ya cuci mace don yana ganin ta lalace ba.

A cikin matan akwai wata da ake kira Jenifa, 'yar ƙabilar Tibi, doguwa, mai yawan dariya. Rikici ne ya tashi ƙauyensu, ta bar uwarta da 'yarta wurin wanta, ta shigo Lafiya ta ce musu aikin gidan abinci ta samu. Da ta kawo littafinta, Iya Barira ta ƙi rubuta sunan.

"Jenifa ba ta da uwa, ba ta da gari. Wane suna aka sa miki ranar da aka haife ki?"

"Mama, abeg, bar wannan. Sunan yana gida, ban zo da shi nan ba."

Sai da aka yi Talata uku kafin ta sunkuyar da kai ta faɗa a hankali: Doosuur Tyav. Ta sa Iya Barira ta yi mata alkawari cewa ba wani na gidansu da zai taɓa ganin cikin littafin. Ta yi mata.

Layi na biyu shi ne filin rigimarsu. Kuɗin ɗaki ya shiga, kwaroron roba ya shiga, gwajin asibiti ya shiga, sabulu da wankin zanin gado sun shiga. Gashin kanti kuwa rabi Iya Barira ta yarda, wai ai da shi take zuwa coci. Kuɗin da take tura wa uwarta ta ce sam, wannan daga abin da ya rage yake fita, ba sana'a ce ta ci ba. Doosuur ta yi ta mita tana cewa Mama ta fi 'yan haraji tsanani. Wata Talata ta zo da leɓe a kumbure, haƙorin gaba babu. Wani ne ya ƙi biya, ta riƙe masa riga. Iya Barira ta karɓi takardar asibiti ta shigar da dubu shida a layi na biyu.

"Haƙorin fa, Mama? Sana'a ya ci shi. Rubuta shi."

Iya Barira ta daɗe da biro a hannu. Babu inda za ta sa haƙori a lissafi. Ranar ba ta iya cin abincin rana ba.

A ƙarshen shekarar farko suka tafi ofishin haraji tare. A fom akwai gurbin sana'a. Sauran masu cike fom na gari tela suke rubuta wa irin waɗannan mata, ko mai kitso. Iya Barira ba ta taɓa rubuta ƙarya a takarda ba, ba kuma za ta fara a kan Doosuur ba. A wurin masu walda da kafintoci tana rubuta mai zaman kansa, a karɓa da girmamawa. Sai ta rubuta mata daidai irinsa: mai zaman kanta. Wani da ke bayansu a layi ya leƙa ya ƙyalƙyale da dariya. Ta juyo ta kalle shi ta saman tabarau.

"Kai a naka me ka rubuta?"

"Mai zaman kansa."

"To harafi ɗaya ne tsakaninku. Ita ta kawo littafi. Ina naka?"

Abin da aka yanka wa Doosuur bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da samarin nan suke ƙwace mata a da ba. Ta riƙe rasit ɗin tana karanta sunanta a bakin titi kamar wasiƙa daga gida.

Ana gina wata 'yar kasuwa a bakin gari a lokacin, kwamitinta ya sa sharaɗi cewa ba a ba mutum rumfa sai ya nuna rasit na shekara uku da sunansa, ya kuma ajiye kafin alƙalami. Daga ranar da Doosuur ta ji wannan, rumfar ta zama ita ce komai nata. Za ta sayar da doya da manja, ta ɗauko uwarta da 'yarta, Jenifa ta ɓace kamar ba a yi ta ba. Duk Talata sai ta sa yatsa a kan jan layi ta tambaya saura nawa.

Littafin ne ya riga kowa sanin ba ta da lafiya. Iya Barira ta lura kuɗin magani yana hawa wata bayan wata, layin farko yana ramewa. Ta yi mata faɗa, ta raka ta asibiti har sau biyu. Doosuur ta riƙa tsallake magani don kada ta taɓa kuɗin rumfa, wannan ma a littafin ya fito. Takardar rumfa ta fito a watan Maris, lamba sha bakwai, da sunan Doosuur Tyav. A watan Yuli, ba a ko gama buga kwanon rufin ba, ta rasu.

A gidan ba wanda ya san wata Doosuur, Jenifa suka sani, ita kuwa Jenifa ba ta da kowa. Kwamitin kasuwa ya ce in wata guda ya wuce magaji bai zo da shaida ba, rumfa ta koma hannunsu, masu jira suna da yawa. Iya Barira ta buɗe littafin, ta bi layi na uku da yatsa har ta kai lambar wayar da ake tura wa kuɗi duk wata. Ta buga. Wan Doosuur ne, Terkimbi.

Ya zo washegari, manomi, da takalmin roba da taɓo a ƙafa. Bayan an yi jana'iza ya zauna a bencin nan. Shaidar cewa shi ɗan'uwanta ne tana cikin littafin, sunan ubansu ɗaya da tura kuɗi na wata talatin da takwas. Amma a shafi guda, gefe da gefe, ga layi na biyu da duk abin da ke cikinsa. Ga kuma alkawari. Iya Barira ta ce ya ba ta kwana biyu. Da idon nan nata da ya riga ya fara dushewa ta kwafe layi na uku kaɗai a sabuwar takarda, wata bayan wata, ta haɗa da rasit uku, ta kai wa kwamiti da kanta, ta ce ita ce shaida, a tambaye ta duk abin da ake so. Aka sa hannu. Rumfa ta zama ta 'yar Doosuur, a hannun kakarta.

Da suka fito, Terkimbi ya tsaya yana juya kwafin fom ɗin harajin ƙanwarsa a hannu.

"Mama, wane aiki ƙanwana yake yi a garin nan?"

Iya Barira ta ɗora yatsa a kan fom ɗin. Ƙarya ba ta iya ba, alkawari kuma ba za ta karya ba.

"Ga shi nan a rubuce. Mai zaman kanta ce. Ba ta ci na kowa ba, harajinta ba ta taɓa tsallakewa ba."

Hawaye suka fara bin fuskarsa.

"Mama, ina jin Hausa fa. Na gane." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Amma tsohuwa ba ya jin Hausa. Yadda kin rubuta, haka zan faɗa mata da yarenmu, mutum ne wanda yana aikin kansa."

Iya Barira, ke ce mai layi uku. Ke ce kika tambayi mace sunanta a garin da ba wanda ya damu ya sani. Ba ki wanke kowa ba, ba ki kuma jefi kowa ba, ƙidaya kawai kika yi musu ta gaskiya. Mata shida sun bar gidan nan bayan sun ga da idonsu ƙanƙantar abin da ke cikin jan layi, ba tare da kin ce musu uffan ba. Na san ba su ne ke ranki ba. Na san duk wanda ya ambaci rumfa ta sha bakwai sai ki kau da kai, kina ganin da kin ƙara matsa mata a kan magani da yanzu ita ce a zaune ciki. Wannan nauyin ba naki ba ne, Iya. Mun gode. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar ido.

Littattafai arba'in da ɗaya suna cikin akwati a ɗakinta yanzu. Ta yi wa masu cike fom uku tayin su karɓi matan, kowanne ya ce yana da iyali, yana tsoron bakin mutane. Rahmat ta ce mini makon jiya an sake ganin samari masu rigar aiki a ƙofar gidan. Ba digiri aikin yake nema ba. Rula ce, da biro biyu, da bakin da yake iya riƙe magana. In kana da su, ko kina da su, teburin yana nan a kife a barandar mai taya. Ranar Talatar da ta wuce mata huɗu sun zo bayan azahar, kowacce da littafinta a hannu, suka zauna a bencin har la'asar.