Fuskar da Inna ta nuna

Har yau in na tuna takardar nan mai fuskoki sai raina ya ɓaci. Fuskoki ne a jere, ta farko tana murmushi, ta ƙarshe tana kuka, wai mara lafiya ya ɗora yatsa a kan wadda ta yi daidai da zafin da yake ji. Wanda ya zana ta bai san uwata ba.

Ciwon daji ne ya kama Inna a mama. Bafulatana ce, ta yi shekara da shekaru tana ɗauko nono a ka daga ruga zuwa kasuwar Cadawa, amma a wannan damina ko ludayin fura ba ta iya kaiwa baki. Ni ke mata wanka, ni ke riƙe ta zuwa bayan gida. In ciwon ya motsa, bakin zane take cusawa a baki ta ciza don kada a ji ta.

An ce mana a babban asibiti akwai magani mai kashe zafi, amma sai an auna an ga mutum ya kai a ba shi. Shi kaɗai muka je nema. Warkewa kam mun riga mun cire rai.

A bakin ƙofa aka ce mutum ɗaya zai shiga da ita. Nan na tafka wautar da ba zan yafe wa kaina ba. Mijina ya yi lakol, wato boko, ni ban yi ba, sai na ce, "Malam, kai ka shiga, kai ka san takarda." Inna ta dube ni sau ɗaya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Na ga kallon, wallahi na gan shi, amma hankalina yana kan faransancin da ake yi a asibitin. Matar da ba ta taɓa kurɓar ruwa a gaban surukinta ba!

Shi ya ba ni labari bayan sun fito. Lokotoro, wato likita, yana tambaya, shi yana mayar mata da Hausa. Tana tafiya da ƙafarta? Ta ce tana yi. Tana wanka da kanta? Ta ce da kanta. Tana barci? Lafiya lau. Aka miƙo takardar, ta ɗora yatsa a kan mai murmushi. Mijina ya san ƙarya ce, amma da wane baki zai ƙaryata surukarsa a gaban baƙo? Lokotoro ya rubuta abin da ya ji, ya ba ta ƙwayoyin da ake sha don ciwon kai, ya ce a dawo bayan wata ɗaya.

Tun kafin motar haya ta kai Agiye zane ya koma bakinta. Da muka isa gida na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Haba Inna! Me ya sa kika yi mana haka?"

Ta cire zanen a hankali ta ce, "Ke, a gaban mijinki zan ce ke kike kai ni bayan gida?"

Ba ta cika watan ba. Na ji haushin takardar, na ji na lokotoron da bai ɗaga kai ya dubi yadda take zaune ba, amma na kaina ya fi ci mini rai. Da aka zo raba kayanta, ba a sami zane ko ɗaya da za a ba wani ba. Duk ta huda su da haƙori.