Hannun Jibrin a Kan Taru

Muntari masunci ne. Iyayensa leburorin auduga ne a Jazira ta ƙasar Sudan, shi kuwa ruwa ya zaɓa. Jirginsa na bakin kogi a Mawrada ta Umdurman, gidansa a Umbadda. Ɗansa namiji ɗaya ne, Muntasir.

Shekarun da sojoji ke tare motoci suna kwashe samari zuwa yaƙin Kudu, aka fara bi gida-gida a unguwarsu. Sai Muntari ya mai da jirginsa maɓoya. Muntasir, da gemunsa, yakan wuni a ciki. In aka hango baƙo sai ya shige ƙarƙashin taru.

Wata hantsi sai ga Jibrin, aminin Muntari tun suna yara, wanda ya daɗe yana su a Bur Sudan. Ya zauna a jirgi, ya ɗora hannu kan tarun.

"Ya zol, mutumina, har yanzu ƙananan kifayen nan kake bi?" in ji Jibrin. "Ka je teku ka ga girish, ƙaton kifin nan mai haƙora, wanda ke haɗiye ɗan'uwansa kifi."

"Ya haɗiye ka mana, mu huta."

Jibrin ya yi dariya. "Ka san yadda yake farauta? Kifi zai binne kansa a yashi, ba motsi. Amma duk mai rai, in yana numfashi, akwai 'yar wutar lantarki da ke fita daga jikinsa. Ba irin ta minjirya mai girgiza mutum ba, 'yar mitsitsiya. Girish na da ƙananan ramuka a hanci, da su yake jinta. Ko an rufe masa ido sai ya tono shi."

Yana faɗi, tarun na ɗagawa a hankali ƙarƙashin tafinsa. Muntari ya gani. Jibrin bai ɗauke hannu ba, bai kuma tambayi komai ba. Ya sha shayi ya tafi.

Kashegari sojoji suka zo. Jirage sun fi talatin a bakin ruwa, ba su duba ko ɗaya ba sai na Muntari.

A makon aka sako ɗan Jibrin, wanda ashe ke tsare a sansani. Muntasir bai dawo daga Kudu ba.

Jibrin ya zo gaisuwa, ya durƙusa. "Yaya Muntari, nawa ɗan suka riƙe. Ya zan yi?"

Har yau in sun haɗu a masallaci Muntari yakan amsa masa sallama, don wajibi ce. Iyakarta ke nan.