Hanyar Adzakofe a Ƙarƙashin Ruwa

A watan Janairu na shekarar 1968 ne Dzikunu Agbodza ya fara haɗuwa da Hotor Gbeve, a wata ƙaramar mashiga ta tafkin Volta da ke ƙasa da Kpando. Shekara huɗu ke nan da aka datse kogi, ruwa ya fara hawa. Dzikunu yana da shekara arba'in da ɗaya a lokacin, manomin doya ne ɗan manomin doya, kuma garinsu Adzakofe yana kwance a ƙasan tafkin da gonakinsa da majami'arsa da kabarin mahaifinsa. Hotor kuwa mutumin Tongu ne, cikin masuntan da suka biyo kifi daga kudu. A cikin kwalekwale aka yaye shi.

Ran nan Hotor ya tarar da Dzikunu yana fama da wani tsohon kwalekwale da ya saya, ya tuƙa dama ya tafi hagu, ya tuƙa hagu ya dawo inda ya fito.

"Efo manomi," in ji Hotor, wato yaya manomi a harshensu, "filafili ne a hannunka, ba fartanya ba. Ka daina yi wa ruwa kunya!"

"Gonata ce a ƙarƙashinsa," in ji Dzikunu. "Yadda na ga dama haka zan nome ta."

Ba don sha'awa Dzikunu ya shiga ruwa ba. Yayan matarsa Afiwa, wani dattijo mai suna Kpodo, ya samar musu fili a sabon garin da aka kai mutanensu, tafiyar yini guda daga tafkin. Ya yi magana sau ɗaya a gaban dangi: in ruwan farko ya sauka tafkin bai ciyar da ƙanwarsa da 'ya'yanta biyar ba, su kwashe su zo a dasa doya. Dzikunu ya amsa da to, amma a ransa ya riga ya yanke cewa ba zai yi nisa da Adzakofe ba.

Koma ba ta da amfani a wannan yanki, domin itatuwan da ruwa ya shanye suna nan tsaye a ƙasa, kullum sai sun yaga ta. Manyan giwan ruwa kuma da rani can ƙasa suke kwanciya inda akwai sanyi. Sai dai a ja musu ƙugiya a bayan kwalekwale yana tafiya. Dzikunu da Hotor ne kaɗai suke irin wannan kamun kifi a mashigar, kowa da kayansa.

Kayan Hotor daga Tema ya sayo su, wajen wani ma'aikacin jirgin ruwa. Sanda ce mai lanƙwasa da ɗan keken naɗe zare, da dalma mai nauyi, da kifayen katako guda goma sha biyu masu fenti ja da fari, kowanne da ƙugiya mai baki uku. Kwalekwalensa yana da inji, saboda haka kafin rana ta take ya zaga ruwan da Dzikunu ba zai zaga ba a mako guda. Amma inji ba ya ganin ƙasa. In ya saki zare sosai don ya kai inda kifi yake, sai reshe ya kama kifin katakon, sanda ta lanƙwashe, zare ya tsinke. In ya rage zare kuma sai ya wuce ta saman kifin.

Dzikunu da hannunsa ya haɗa nasa. Igiyar nailan ce gaba arba'in a naɗe jikin allo, da ƙulli a kowace gaba biyar don ya san zurfin da yake. Ya yanki gefen farantin tagulla na Afiwa, ya bubbuge shi ya zama kamar cokali, ya goge da toka har yana walƙiya, ya ɗaura ƙugiya ɗaya tak. Nauyinsa guntun tsohuwar fartanya ne, ɗaure da siririn zare, don in ya maƙale shi kaɗai zai tafi, cokalin ya tsira. Yakan tuƙa a hankali, yana daidaita filafili da waƙar sujada da ya koya a makarantar mishan.

Akwai kuma abin da ya sani wanda babu mutumin Tongu da ya sani. Daga Adzakofe zuwa tsohuwar mashigar kogi akwai hanyar mota ta mil uku, shi da kansa ya yi aikin sare itatuwan gefenta yana saurayi. In ya sa kan busasshen rimin kasuwa, wanda har lokacin yana leƙowa daga ruwa, a bayansa, ya fuskanci wata tsaga a jikin dutsen ƙetare, to yana kan hanyar, ba reshen da zai taɓa shi. Bai gaya wa kowa ba, har Afiwa.

Mako shida bai kama komai ba sai ƙananan kifi biyu. Ya ƙara nauyi, ya rage sauri. Ya auna hanyar da dutse taki-taki: gaba goma sha takwas a kasuwa, ashirin da biyar a kan gadar rafi. Gari ya soma zafi, hadari ya soma haɗuwa da yamma, masarar tuwo ta kusa ƙarewa a gida.

"Kai da farantina," in ji Afiwa, "wa zai fara kawo abinci gidan nan?"

"Ki ba mu mako guda."

"Na ba ka. Yayana ne ba zai ba ka ba, Asabar zai zo."

Ran Asabar, tara ga Maris, ya fita da sassafe. Hannayensa biyu suna kan filafili, sai ya ɗaura igiyar a ƙugunsa, kamar yadda yakan ɗaura igiyar rago in yana aiki a gona. Ɗan masunci ba zai taɓa yin haka ba. Ƙarƙashin ƙafa suke take ta, don ta zare in an fizga. Yana isa kan gada aka fizge shi ta baya, sai ga shi tsundum cikin ruwa. Bai iya iyo ba sai na ƙaramin rafi. Ya rungume gefen kwalekwalen da hannu biyu, kifi yana jan sa ƙasa, ruwa yana shiga masa hanci, amma bai nemi wuƙa ba.

Hotor yana kusa, ya taho da inji ya cafke shi ta wuyan riga.

"Bari in yanke!"

"Ka yanke, ni da kai har lahira!"

"Kai wane irin mutum ne? Ka ɗauka akuya ce?"

Hotor ya jawo shi ciki, ya kwance ƙullin, ya nuna masa yadda ake saki a bar kifi ya gaji kafin a ja. Sun fi awa guda. Da suka ɗora kifin, kansa yana gaban kwalekwale, wutsiyarsa ta wuce wurin zama na tsakiya.

Kpodo yana tsaye a mashiga cikin matan da ke sayen kifi. A al'adar wurin, duk wanda ya sa hannu a igiya yana da rabi. Hotor ya ce shi ja kawai ya yi wa kwalekwalen saboda nauyi, manomi ne ya kama abinsa. Ya ɓoye zancen faɗawar Dzikunu ruwa, ga rigarsa a jiƙe. Kpodo ya zaga kifin sau biyu, ya ci tuwo da miyar kan kifin, washegari ya koma shi kaɗai.

A makon nan Hotor ya rasa kifin katakonsa na goma sha ɗaya, ya soma zancen sayar da inji ya koma kudu. Dzikunu ya ji labarin a bakin matan mashiga. Ya san hanyar ita ce abincin gidansa, kuma inji zai share ta sau goma kafin shi ya bi ta sau ɗaya. Duk da haka ya yi kwana uku yana saran gora yana kwasar duwatsu.

Ran Alhamis da safe Hotor ya fito ya ga guntayen gora suna yawo a kan ruwa, bi da bi, kowanne ɗaure da dutse a ƙasa, a jere tun daga rimin har gindin dutsen ƙetare. Ya kashe inji ya daɗe yana kallo. Can ya hangi Dzikunu a gefe yana warware igiya, ya take ta da ƙafa.

"Efo manomi! Me kuma ka shuka a nan?"

"Ka bi ta tsakiya," in ji Dzikunu, bai ko ɗaga kai ba. "Kuma ka rage gudu in ka zo gada. Cikin gari kake."