Waƙar da Iya Ta Ajiye Mani

Ni dai ban yi boko mai nisa ba. Aji uku na yi, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu kowa na hamdala. Abin da na sani na duniya, rabi a rumfar gyaran keke na tsince shi, rabi kuma a gindin murhun Iya, kakata ta wajen uba, a gidanmu na Ƙofar 'Yandaka.

Lokacin sanyi, da an yi isha'i an kwashe tuwo, Iya ba ta bari a kashe wuta. Sai ta jawo kujerarta ta tsugunno, ta ɗauko mazari da auduga tana kaɗi, mu jikokinta shida mu kewaye garwashin muna ture juna. Yaya Rabi, wadda nake bi, ita ce babbarmu, kuma ita ke zama daf da Iya tana matsa mata ƙafa. Ni kuwa can baya nake zama kusa da zaure, don in an buga kalangu a dandali kada in taka kowa wajen fita.

"Ga ta nan tahe, wa za ya tarbe ta?" in ji Iya.

"Ta iso, mun shimfiɗa mata tabarma!"

Iya na da wata al'ada da ban ji ta a gidan kowa ba. Ban da tatsuniyoyin da duk gari ya sani, kowane jika sai ta ƙera mashi tasa, daidai da halinsa, kamar yadda tela ke auna mutum. Daga ƙarami take farawa ta yi sama. Mai kuka ya samu tasa, mai satar ƙuli ya samu tasa, muka yi masu dariya har da faɗuwa. Sannan aka zo kaina.

"Yau ta maigidana ce," ta ce, "mijin da bai taɓa sawo mani goro ko na kwabo ba. Matso nan, angon banza."

Na matso taku ɗaya.

Wai wani manomi ne ya kama tsuntsu a tarkonsa. Tsuntsun ya ce kada ka yanka ni, ina da waƙa biyu. Manomi ya saƙa mashi keji, ya rataye a bakin ɗaki. Waƙar farko ta rawa ce, kuma in Iya ta zo nan sai ta ajiye mazari ta kifa ƙwarya tana bugawa:

"Taka, taka, maigida,
ƙasa ba ta kai ƙara,
taka har zakara ya gaji!"

Manomi ya yi ta rawa, maƙwabta suka cika gidan. Da rawa ta lafa sai tsuntsu ya sunkuyar da kai, ya jawo ta biyun a hankali, da wata murya kamar ta mai zazzaɓi:

"Maigida, tsaya ka ji,
can a bayan rumbunka..."

Sai manomi ya girgiza kejin. "Kai, bar wannan! Maido ta rawa!" Tsuntsu ya maido ta rawa. Gobe haka, jibi haka.

To, nan sanina ya tsaya. Da Iya ta sassauta murya sai in ji kamar an zuba mani tururuwa a wando. Ko in ce, "Iya, maimaita ta rawar," ko kuma in ji kalangu daga dandali in sulale. Kwana nawa aka yi ana haka, ban ƙirga ba. Kafin damina ta faɗi Iya ta kwanta, kwana huɗu aka kai ta. Na yi kuka sosai, domin ina son ta. Amma ko sau ɗaya ban yi tunanin tsuntsu ba.

Sai bara, ina da furfura har a gira. Ɗiyata Bilki, da ke aure a Kambarawa, ta ga zaman gida ya ishe ni tun da idona ya hana ni ɗaure sifok ɗin keke, ta kawo mani waya ta sa mani wani rediyo na intanet a ciki.

"Baba, wanga ba shi da tasha. In waƙa ta yi maka, ka taɓa zuciyar nan. In ba ta yi maka ba, ka taɓa kibiya, ya wuce. A hankali za ya gane ka."

"Wa za ya gane ni?"

"Shi rediyon."

Na ce to, amma ban yarda ba. Ni na san shirin gaishe-gaishe, wanda ake aika kati a karanto sunanka. Na tabbata akwai wani bawan Allah zaune a wani ofis yana zaɓo mani. Har suna na sa mashi, Malam Na-Ciki, kuma kullum da safe sai na gaishe shi kafin in taɓa komai.

Kuma wallahi mutumin ya iya aiki. Na fara da kiɗan asharalle namu na gida. Kafin sati biyu ya kai ni wajen masu jita na Agadas, waɗanda kiɗansu ke tafiya kamar raƙumi ya ji ƙanshin rijiya. Daga nan Mali, daga nan Sudan, daga nan wasu mutanen Kwango da ban san ko zagina suke ba, amma ƙugu ya amsa. Shekara sittin da wani abu ina zaton na ji kiɗa, ashe bakin kogin kawai na tsaya. Ina zaune a ƙofar gida da abin ji a kunne, kafaɗa na motsi, masu wucewa masallaci na yi mani addu'ar shiriya. Duk waƙar da ta fara da sanyin murya kuwa, ba ta kai numfashi biyu na danna kibiya.

Wata rana da hantsi ya kawo wata mata, ban san yarenta ba, murya ƙasa-ƙasa, ba ganga ba komai. Yatsana ya riga hankalina. Kuma da bakina, da ƙarfi, na ji na ce, "Kai, bar wannan, maido ta rawa."

Kiɗa na ta tashi a kunnena, ni kuwa ina jin ƙanshin garwashi. Me ke bayan rumbun?

Tun daga ranar abin ya hana ni sakat. Mutum ɗaya ya rage a duniya cikin mu shida ban da ni, Yaya Rabi, tana nan Ƙofar Kwaya, tafiyar da ko a ƙafa ba ta gagare ni ba. Sai dai shekara bakwai ba ma magana. A bikin autarta na shiga fili gaban surukanta na kwashi rawa har hulata ta faɗi, ita kuma ta kira ni tsohon kawai a gaban jama'a. Na rantse ba zan sake taka gidanta ba.

Don haka na kai ƙara wajen Malam Na-Ciki. Akwai wurin da ake magana a wayar, na kafa baki na rera mashi, "Maigida, tsaya ka ji," da muryata mai kama da ƙofar langa-langa. Ya kawo mani waƙar soyayya ta wasu yara. Na sake, ya kawo tallar maganin basir. Wata biyu ina wannan wauta, ina cewa mutumin da ya san waƙoƙin Kwango ai ba zai rasa ta Ƙofar 'Yandaka ba. Sai da Bilki ta kama ni ina yi, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce, "Baba, ba kowa ciki. Kuma abin da ba a taɓa ɗauka ba, ba ya da shi."

Ranar Juma'a bayan an sauko na sayi goro na tafi. Na iske Yaya Rabi a tsakar gida kan tabarma, ta rame, ido ɗaya ya yi fari. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba komai cikinta: gida, iyali, sanyi, jiki, gida kuma.

"Wa ya mutu?" ta ce.

"Ba kowa, Yaya."

"To mi ya kawo sarkin rawa?"

Na gaya mata. Na ce ƙarshen waƙar tsuntsu nake so, abin da ke bayan rumbu.

Ta kalle ni da idon mai gani. Sannan ta yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Ɗanjuma, kai hwa ba ka da kunya. Wa ya gaya maka mun ji?"

"Ai ku kuna zaune."

"Muna zaune. Da ka tashi sai ta ɗauki mazarinta. Mu roƙe ta, mu yi kuka, ta ce a'a, ta maigidana ce, ba a buɗe tukunyar miji ba ya nan. Gobe za ya zauna. Kullum gobe za ya zauna." Ta gyara zanenta. "Kuma ka san wa ke bin ka a layi?"

Sai a lokacin na lissafa.

"Ni. Ta ce ta gama ƙera tawa, tana nan a ajiye, sai an sauke taka. Ni da na matsa mata ƙafa har hannuna ya yi kanta. Mai satar ƙuli ya samu tasa. Ni ban ji ko kalma guda ba."

Na ce, "Yaya, ki yahe mani."

"Na bikin na yahe tuntuni, wannan shirme ne. Ɗayan kuwa, ka bari in gani." Ta ɗauki goron ta ɓare, ta ba ni rabi. "Tashi ka tahi, la'asar ta yi."

Da ina zaton darasin tatsuniyar shi ne mutum ya riƙa sauraron abin da ba ya so. Wannan ko malamin aji uku zai iya faɗa. Abin da ke ci na daban ne. Da na dawo gida na ce bari in gyara hali, duk waƙar sanyi da ta zo zan zauna in ji ta har ƙarshe. Na jira kwana uku, ko ɗaya ba ta zo ba. Rediyon ya gama karantar halina, ya san ba na zama, ya daina gwadawa. Ganga kawai yake turo mani, ɗaya bayan ɗaya, kowace ta fi ta baya daɗi.

Wata uku kacal ya yi ya fid da rai da ni. Iya kuwa har aka kai ta tana cewa gobe zan zauna, kuma Yaya Rabi ce ta biya kuɗin wannan kyakkyawan zaton.