Layin da Na Zare Daga Wayar Goggo Hansai

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Ni 'yar Ikara ce. Mahaifina facin keke yake yi a bakin tasha har Allah ya karɓi abinsa. Na gama sakandare lafiya lau, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Abu ɗaya ne ke cin raina tun ina ƙarama, wato mota. A ƙafa nake zuwa makaranta, da damina motoci su fesa mana taɓo a farin hijabi, ƙawayena su yi ta Allah ya isa, ni kuwa in bi motar da ido har ta sha kwana. Innata takan ce, "Ke wannan kallo, sai ka ce ta ubanki ce aka sace."

Da karatu ya tsaya, sai Kawu, ƙanin Inna, ya ɗauke ni zuwa Maƙarfi in riƙa tsare masa shagon cajin waya a gefen kasuwa. Aikin ba wuya. Mutum ya kawo waya, in manna mata lamba, in ba shi ɗan kwali mai lamba iri ɗaya, janareto na ta kuka a bayanmu. Ranar kasuwa mutanen ƙauye ke cika mu, su da ba su da wuta. Su ajiye wayoyinsu su shiga cefane, ba mai waiwayowa.

A cikinsu akwai Goggo Hansai, wata tsohuwa daga wani ɗan ƙauye a bayan Taba. Wayarta ƙarama ce mai madannai, an ɗaure ta da kyauro, tana fito da ita daga ƙullin zani cikin leda. Ba ta zuwa hannu rabbana, ko gutsuren mazarƙwaila sai ta riƙo min. Wayar take kira jakarta, wato abin hawanta. Tun daga nesa za ka ji ta: "Ina ƙawata 'yar caji? Zo ki ba jakata ruwa, ta kwana biyu ba ta sha ba."

Ɗanta Sale yana aiki a Kudu, ya bar mata matarsa Sa'a da ciki. Goggo ba ta karatu, shi ya sa ya saita mata wayar kafin ya tafi. Ita da kanta ta nuna min. "Kin ga in na danne biyu, Sale ne. In na danne uku, Ado mai mota ne, shi ke ɗaukar marasa lafiyarmu. Mu da ba mu da ko jaki, wannan ukun ita ce motarmu." Ni ce mai duba mata ko Sale ya turo kuɗi, lambar sirrin asusun ma da bakinta ta faɗa min, ta ce ai ɗa na kowa ne.

Kawu ya ba ni wata tsohuwar babbar waya don in rage zaman kaɗaici. A cikinta na tarar da gem na tseren motoci. Ranar da na fara riƙe sitiyarin nan, ko da yake na cikin gilashi ne, wallahi sai da na ji iska a fuskata. Tituna masu santsi, ba rami, ba taɓo. Akwai wata jar mota a ciki da ba a buɗe ta sai an saya. Ina kwana da ita a rai, ina tashi da ita.

Da katin mutane na fara. In ga wayar da ba a kulle ba, in tura ɗan abin da ba za a lura ba zuwa tawa. Na ce wa kaina ai kamar tsintar gyaɗa ce a gonar da aka gama roro. Na sayi jar motar. Ban yi sati ina murna ba aka fito da wata wadda ta fi ta.

A cikin gem ɗin ake hira da abokan tsere. Wani mai kiran kansa Direba, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, ya ji irin aikina sai ya rubuto min, "Ke kina zaune a bakin rijiya kina lasar raɓa." Shi ya koya min in zare layin mutum, in sa masa mataccen layi, in kwashe abin da ke asusunsa, in tura masa rabonsa. Ya ce tsofaffi za su ɗauka sabis ne babu. Wata kasuwar in mayar da layin, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Na yi wa mutum biyu haka ban shiga hannu ba. Ta ukun ita ce Goggo, don na san Sale ya turo kuɗin haihuwa. Da ta dawo karɓar wayar ta ce, "Ƙawata, yau ba ki da fara'a, ko saurayi ne ya yi yaji?" Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ƙulle wayar a zani, ta sa min albarka, ta tafi.

Sauran labarin a gaban alƙali na ji shi. Kafin kasuwa ta zagayo, naƙuda ta kama Sa'a da rana tsaka, ana ruwa, maza duk suna gonaki masu nisa. Haihuwar ta zo da gardama, jini ya ɓalle. Goggo ta danne uku, shiru. Ta hau kan turmi ta ɗaga wayar sama, ta fita bayan gida wajen da suka saba samun sabis, ta danna har yatsanta ya yi ciwo. Wata maƙwabciya ta kawo tata wayar, amma ba wanda ya san lambar Ado da ka. Lambar tana cikin layin, layin kuwa yana cikin jakata a Maƙarfi. Tsohuwar nan ta kama hanya a ƙafa cikin ruwa har bakin kwalta kafin ta sami mai ɗaukarsu. Sa'a ta rayu da ƙyar. Jaririn bai zo da rai ba.

Sale ya dawo, ya bi sawun kuɗin har wurin mai cire kuɗin da na je, shi kuwa ya san fuskata. A shago aka kama ni, wayar na hannuna, ina tsakiyar tsere. Direba ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Kawu ya rufe shagon saboda kunya. A kotu Goggo ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Kallona ta yi ta ce, "'Yar nan, da kin ce min kuɗi kike so. Me ukuna ta yi miki?"

Ba zan iya ba ku labarin gidan yari duka ba. Abin da ya fi damuna a can kewa ce. Kewar tuwon Inna, kewar hayaniyar kasuwa, har kukan janareton da nake tsinewa. Akwai wata 'yar taga da ake jiyo motocin titi ta cikinta. Da a da ne, da na tsaya sauraro da sha'awa. A can kuwa duk motar da ta wuce sai in ce a raina, da wannan ce ta bi ta ƙauyen su Goggo ranar nan.

Da aka sake ni, Inna ta ce ba za ta ci abinci da ni a kwano ɗaya ba sai na je wurin Goggo neman gafara. Na shiga motar haya zuwa Kudan, na sauka a bakin kwalta wajen Taba, na ƙi hawa acaɓa. Na taka hanyar da Goggo ta taka. Da rani ne, ba ruwa, ga ni da ƙuruciyata, amma sai da na zauna hutawa a gindin wata ɗorawa ina kuka.

Na same ta tana sussukar dawa. Na durƙusa, bakina ya kasa komai sai "Goggo, ki yafe min." Ta ajiye taɓarya. Can ta ce, "Nawa na yafe, don ina so Allah ya yafe min. Na Sa'a kuwa ba a hannuna yake ba." Ta ɗaga murya ta kira ta. Labulen ɗakin ya motsa, amma Sa'a ba ta fito ba. Na jira har la'asar ta yi sanyi.

Da na miƙe zan tafi, Goggo ta dubi ƙafafuna da suka yi buɗu-buɗu. Ta kwance ƙullin zaninta ta fito da wayar. Ta ce yanzu ta haddace lambar Ado kamar Fatiha, ba mai sake raba ta da ita. Sannan ta danne uku. "Ado, zo ka fitar min da wata yarinya bakin titi, kada magariba ta yi mata a hanya." Wata yarinya ta ce. Ba ta ce ƙawata ba.

Duk tsawon rayuwata ina mafarkin ranar da za a kira mota musamman domina. Ga yadda ta zo min.

Yanzu ina taya Inna tuyar ƙosai a Ikara, duk inda za ni a ƙafa nake zuwa. Ba na riƙe babbar waya. In ta wani ta yi ƙara kusa da ni, sai in matsa gefe. Na tuba ga Allah, ina kuma jiran Sa'a, ko da shekara nawa za ta ɗauka.

Ƙannena, maza da mata, ban ce kada ku yi gem ba. Amma ranar da kuka ji abin cikin gilashi ya fi muku mutumin da ke tsaye a gabanku daraja, ku ajiye wayar ku tashi. Kada ku karɓi shawarar wanda ba ku san fuskarsa ba. In an ba ku amanar waya, ko ta kyauro ce, ku mayar da ita yadda aka ba ku, don ba ku san abin da mai ita ya rataya a kanta ba. Ni na sani, da bakinta ta faɗa min, kuma na zare. Duk ranar kasuwar Maƙarfi sai na ji kamar za a ƙwala min kira daga nesa, a ce ina 'yar caji. Ba a kira ba tukuna.