Kawo-in-gani

A bakin tsohon da ke gado na huɗu Auta ta fara jin sunan. Kwanan Baba biyu ke nan a asibiti, ɗakin maza, tana zaune kan kujerar roba tana kallon ƙafafunsa da suka kumbura suntum, sai tsohon ya cusa wata leda ƙarƙashin filo, ya ce, "Kowa ya ɓoye nasa. Ga Kawo-in-gani nan tafe."

Auta ba ta ɓoye komai ba. A kwanakin nan ko tashi aka ce ta yi sai an maimaita. Ba kuka, ba yunwa. In an miƙo takarda ta karɓa, in an ce sa hannu ta sa.

Matar da ta shigo gajera ce, ta ba hamsin baya, farar rigar aikinta ta sha wanki har wuyan ya soma zarewa. Ba likita ba ce, ba nas ba. Mai haɗa magani ce, wurin aikinta can ƙasa, bayan tagar da ake bin layi. Amma kullum da hantsi sai ta hauro bene ta bi gado-gado tana tambayar abin da mutum ke sha a gida. Da ya soma lissafi da baki sai ta katse shi: "Kawo in gani."

Auta ta zazzage jakar Baba a kan zanin gado. Matar ta rarraba kayan da ɗan yatsa, ta ɗaga wani kwali.

"Wannan fa, Baba?"

"Na gwiwa ne. Shekara talatin ina taka keken ɗinki, ai dole ta yi ƙorafi. Biyu da safe, biyu da yamma. Ba ruwansa da zuciya."

"Yana cikin masu tara maka ruwa a jiki. Gwiwa ta yi haƙuri, za a sama mata wani." Ta jefa kwalin a aljihu.

"Wai ke likita ce?"

"A'a. Ni ce wadda likitoci ke sauya hanya in sun hango."

A kwana na biyar allurar fitsari mai sauke ruwan jiki ta gama aikinta. Kumburin ya sace, Baba ya kwanta ba sai an jera masa filo uku ba. Likita ya rubuta sallama: a tafi da maganin fitsari, sauran magungunan zuciya a fara in ya dawo bayan mako uku. Yaya, babban wan Auta, ya soma haɗa kwanuka. Baba sai zancen ɗinkin mutane da ke jibge a shago yake yi.

Kawo-in-gani ta karanta takardar a tsaye, sau biyu, ta bi likitan har bakin ƙofa. Auta na jin su.

"Likita, awon jininsa ya zauna, ƙoda lafiya, ruwa ya sauka. Me muke jira? Wanda ya fita bai fara ba, da wuya ya fara."

"Malama, gado ake nema."

"Kwana uku. Kaɗan-kaɗan za mu sa, ni zan biyo shi."

Likitan ya daɗe yana duban takardun gwaji, sannan ya karɓi biron hannunta.

Baba ya ɗaure fuska. "Na warke, ki ce za ki ƙara mini har kala huɗu? Wanda ke aiki ai na san shi, shi ke kai ni banɗaki."

"Wancan kwashe ruwa yake yi daga ɗaki, Baba. Waɗannan su ne masu gyaran rufi. Ba a jin aikinsu a jiki, shi ya sa ake watsar da su."

Aka fara da biyu. Washegari aka ƙara rabin ƙwaya, Baba ya miƙe zai je banɗaki, jiri ya kwashe shi, ya dafe ƙarfen gado. Yaya ya juyo.

"Kin gani ko? Mutum lafiyarsa lau kafin ki sa baki. Auta, ɗauko jaka."

Auta ta dubi jakar. Ba ta ɗauka ba, ba ta kuma ce ba za ta ɗauka ba. Tana nan zaune, hannuwa a cinya, matar ta auna jinin Baba a zaune, ta auna a tsaye, ta fita ta dawo da likita. Aka rage maganin fitsari, aka mayar da ƙwaya ɗaya ta koma ta yamma. Baba ne ya ce, idonsa a rufe, "Bar jakar. In ga ƙarshen taurin kan matar nan."

A wurin mai shara Auta ta ji sauran labarin, suna tsaye bakin famfo. Mijin Kawo-in-gani direba ne. Shekarun baya a wannan ɗakin ya kwanta, aka sallame shi da irin wannan takarda. Ita da hannunta ta zuba maganin a ambulan ta miƙa ta taga, kala ɗaya, yadda aka rubuta, don a lokacin mai haɗa magani ba ya hawa bene ya yi tambaya. Ranar komawa ganin likita ta zo, kwanansa tara a kabari. Ta dawo aiki, ta ci gaba da renon 'ya'yanta biyu, wata rana da hantsi ta hauro. An sha korarta kafin a saba. Auta ta saurara kamar an gaya mata ƙarfe nawa, ta ɗauraye kofin Baba, ta koma ciki.

A kwana na takwas gwajin jini ya fito daidai, aka sallami Baba da magungunan duka. Matar ta zana rana mai fitowa a kan wasu ambulan, mai faɗuwa a kan wasu, don Baba ba ya yarda ya sa tabarau a gaban mutane. Ta ce a riƙa auna nauyinsa kowace safiya. Baba ya ce, "Allah ya raba mu da alheri, kada ya sake haɗa mu." Ta ce amin.

Ya koma kan kekensa, ya ƙara shekara huɗu da wata biyu a duniya. Kawo-in-gani kuma ta yi ritaya, tana zaune wurin babbar 'yarta, ƙafa ta hana ta hawa bene.

Abu ɗaya ta taɓa roƙon Auta, a kan matakala, ranar sallama, Yaya ya yi gaba riƙe da Baba.

"'Yata, in jikinsa ya tashi, kowa zai rugo da shi, wannan ba na jin sa. Amma akwai ranar da zai wayi gari garau, ya ce ya warke, a daina ba shi ƙwayoyin nan. Duk gidan za ku yarda, har ke. Kada ki yi gardama da mahaifinki. Ki dai sa takalminki ki zo ki gaya mini."