Gunvor da Takalman Bakin Ƙofa

Gunvor Rask ta yi shekaru tana zagaya gidajen tsofaffi a garin Skövde, tana yi musu wanka da ɗumama abinci, har gwiwa ta ce ta gaji. Sai ta shiga koyon haɗa wasannin kwamfuta cikin matasa sa'o'in 'ya'yanta. A ƙaramin kamfaninmu na same ta. Ni Melker aikina gwada wasa, wato a yi ta kashe ni a cikin wasan tun safe har lokacin shan kofi. Ni da makaranta kuwa mun rabu, ba wanda ya nemi wani.

Wasan ban tsoro muke haɗawa, aka ba Gunvor gida guda a cikin wasan ta tsara. Ba dodo, ba jini. Ka shiga, ka cire takalmi a bakin ƙofa kamar kowane mai tarbiyya. Ka leƙa kicin ka dawo, sai ga wasu a gefen naka, manya, jiƙe, an jera su tsaf.

Sixten, mai kamfanin, ya riga ya sa an zana dodo mai haƙora kamar manjagara. Muna shan kofi ya ce, "Gunvor, gidan ya yi kyau. Ko za mu ɗan yi tunanin saka dodon?"

A wurinmu wannan umarni ne. In ta ƙi, za a cire gidan da ta kashe hunturu guda tana ginawa.

"Na yi tunanin," in ji ta. "A'a."

Ba a cewa a'a a teburin kofi. Har wani ya ajiye burodinsa na kirfa.

"Dodo mutane suke saya," in ji Sixten.

"Dodo in ka gan shi ka san girmansa, ka san inda yake. Na taɓa buɗe ƙofar tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, na tarar da takalmin namiji. Ɓarawo ba ya cire takalmi, Sixten. Wanda ya cire, zama ya zo yi."

Na ce, "Ni dai takalmi bai taɓa cizona ba."

Gunvor ta ce, "Kai da ka ƙame a gindin benen gidan jiya, wai maɓalli ya maƙale?"

Na mai da hankali kan kofina.

Ta juya ga Sixten. "Manna abinka a hoton talla. Cikin gidana ba zai taka ba. In ba ka yarda ba, cire gidan, ka haɗa da sunana."

Sixten ya fi tsoron rigima a kan kowane dodo, don haka a talla aka manna shi. Wasa ya fita. Masu saye suka shiga gidan suna jiran haƙoran nan a bayan kowace ƙofa, wasu har yau ba su hau bene ba.

Ran nan Sixten ya sake zuwa, yana murza hannu. "Gunvor, sun dame ni, wai ina dodon."

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Su hau sama su duba."